Nebaraska: jahar da aka kira hamada, ta koma jahar masu dashen itace

Kowace shekara ran 3 ga watan Ogusta muna dasa itatuwa a Nijar, daga Yamai har Damagaram. To yau mun kawo muku labarin wata jaha a tsakiyar Amurka mai suna Nebaraska, wadda ita ma take da ranar dashen itace tun shekaru sama da 150 da suka wuce.

Sunan jahar ya fito daga harshen Oto, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin wurin, ma'anarsa "shimfiɗaɗɗen ruwa". Gulbin da suke nufi shi ne Faransawa suka raɗa wa suna Platte. A 1820 wani hafsan soja, Stephen Long, ya ratsa yankin, taswirar tafiyarsa kuma ta kira shi babbar hamada. Fili ne fetal, ciyawa da iska, itace sai a bakin gulbi. Da dokar 1862 ta fara ba kowane magidanci wajen hekta 65, baƙin da suka zo ba su samu katakon gini ba. Sai suka riƙa yanko ƙasa da saiwar ciyawarta suna jerawa kamar tubali.

Wani ɗan jarida, Julius Sterling Morton, shi ya kawo shawarar a ware rana guda ta dashe. Ran 10 ga Afrilu 1872 aka yi ta farko, an ƙiyasta an dasa itace sama da miliyan 1. A 1895 majalisa ta ba jahar laƙabin "Jahar masu dashen itace", ta riƙe shi har 1945. Kusa da garin Halsey kuma, a cikin jigawa, an kafa gandun daji a 1902 wanda da hannu aka dasa shi, bisa shawarar malamin tsirrai Charles Bessey. Da fari da guguwar ƙura suka afka wa yankin bayan 1930, gwamnatin Roosevelt ta sa aka jera itatuwa kusan miliyan 220 a jahohi shida don tare iska, Nebaraska na ciki. Mutanen Majiya a jahar Tawa, da layukansu na dogon yaro, sun san wannan dabara.

Alamomin jahar ma na manoma ne. A ƙololuwar ginin majalisa a Linkon, babban birnin, akwai mutum-mutumin tagulla na mai watsa iri. A hatimin jahar kuwa maƙeri ne da guduma da uwar maƙera, da taken "Daidaito a gaban doka".

Amma fa wannan take bai zo wa kowa a sauƙaƙe ba. Gonakin da aka raba suna da masu su. A 1877 aka kori ƙabilar Ponka daga ƙasarsu zuwa kudu, da yawa suka mutu, har da ɗan sarkinsu Standing Bear. Uban ya ɗauko gawar zai binne a ƙasar kakanni, sojoji suka kama shi. A 1879 alƙali Elmer Dundy a birnin Omaha ya yanke hukuncin cewa ɗan asalin ƙasar shi ma mutum ne a idon doka. Sai da aka je kotu kafin a yarda da haka, jama'a!

Mu da hamada ke ƙwanƙwasa mana ƙofa, abin lura shi ne itatuwan Nebaraska ba dashen rana ɗaya ya raya su ba. An yi reno, an tsare. Waɗanda muka dasa bara a unguwanninmu, guda nawa suka tsira daga awaki? Ku faɗa mana. Allah ya ba mu damina mai albarka.