Gembu: Garin Sanyi a Kan Tsaunin Mambila

Motar da ta taso daga Jalingo za ta wuce Bali da Serti cikin zafin da aka saba da shi, amma daga Mayo Selbe labari yake sauyawa. Hanya ta fara nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, manyan motoci na nishi, fasinjoji na laluben rigunan sanyi. Kafin a kai Maisamari an bar kwari a baya, sai tuddai masu koren ciyawa iya ganin ido. An hau Tsaunin Mambila ke nan. Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, tana can gaba da Nguroje, kusa da iyakar Kamaru.

Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. Wannan tsayi shi ne sirrin komai. Zafin rana ba ya cika wuce digiri 25, hazo kan kwanta a kwaruruka da safe, damina kuwa tana kankama tun wajen Afrilu har Oktoba. Ƙoramun da ke gangarowa daga nan su ke haɗuwa su zama Kogin Donga.

Tarihin mulkin yankin ma daban ne. Jamusawa suka fara riƙe yankin cikin ƙasarsu ta Kamaru, Turawan Ingila suka karɓa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru, wanda tsaunin ke ciki, suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello.

Mambilawa manoma ne na asali, kuma sun san ƙasarsu ciki da bai. Tun kafin zuwan takin zamani, idan gona ta gaji sukan shuka mata magimfa su bar ta ta huta, ganyen ya zuba ya ruɓe, ƙarfinta ya dawo. A yau masara ce kan gaba, sai gwaza, dankalin Turawa, wake, ayaba, fiya da kofi. A Kakara kuwa gonakin shayi ne shimfiɗe a kan gangara, an datse su dab da ƙugu, masu tsinka na ɗebo sabbin ganyen sama kawai suna jefawa cikin kwandon da ke bayansu. Daga nan shayin Highland Tea ke fita. Kusan kowane ƙauye yana kewaye da dogayen itatuwan turare, waɗanda ake samun katako da itacen girki daga gare su.

Sanyin da ya raya shayi shi ya hana ƙudan tsando zama, don haka Fulani suka hauro da garkunansu a ƙarnin da ya wuce, shanu suka yi albarka. Sai dai ƙasa ba ta ƙaruwa. Kiwo ya yi yawa a wasu tuddan har zaizaya ta fara cin su, manomi yana neman kwari, makiyayi yana neman burtali da mashaya. Rikicin 2002 da na 2017 sun ci rayuka da dukiya, kuma duk wanda ya san yankin ya san maganar fili ce a gindinsu.

Abin takaici na biyu shi ne hanya. Babbar hanya ɗaya ce ke haɗa tsaunin da sauran Nijeriya, kuma kuɗin mota na cinye ribar mai fiya da mai dankali tun kafin kaya su sauka Serti. Haka ma tashar lantarkin Mambila da aka tsara mai megawat 3,050, an shafe shekaru fiye da 40 ana zancenta ba a gani a ƙasa ba. Mutanen Gembu ba su roƙi abin da ya gagara ba: a gyara musu hanya, a shata iyakar gona da makiyaya bisa adalci.