Tsohuwar Zuma: Tarihin Waƙoƙin Farko na Ƙungiyar Pavement

Yau zan ɗan kauce wa maganar zaman Sabo, in ɗauki mai karatu zuwa Amurka don mu duba tarihin wani faifai guda ɗaya na wasu makaɗan Turawa. Na san wani zai ce, "Ina ruwan ɗan mai goro da kiɗan jita?" To, a yi mini uzuri a biyo ni a hankali. Labarin faifan nan labari ne na jari da bashi da dillali da kwantan kaya, kuma duk wanda ya tashi a bakin rumfa zai riga ɗan jami'a gane shi.

Sunan ƙungiyar Pavement, sunan faifan kuma Westing by Musket and Sextant, wato kamar a ce nausawa yamma da bindigar toka da ma'aunin matuƙa jirgin ruwa. Ya fito a 1993, kuma babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Waƙoƙinsu na farko-farko ne, waɗanda suka warwatsu a ƙananan fayafayai masu wuyar samu, aka tattaro su wuri guda.

Mene ne kiɗan indi?

Kafin mu yi nisa, bari in warware wannan kalma. A ƙasashen Turawa akwai manyan kamfanonin waƙa irin su Warner da Sony, masu kuɗin talla da hanyar shiga gidajen rediyo. Akwai kuma ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu, wani ma mutum biyu ne kawai a ɗaki ɗaya da akwatin gidan waya. Kiɗan rok da ya fito ta hannun waɗannan ƙananan shi ake ce wa indi. A taƙaice dai, bambancin babban kanti ne da mai tebur.

Jarin dala 800

Wasu abokai biyu ne tun na ƙuruciya suka kafa Pavement a garin Stockton da ke jihar Kalifoniya, wato Stephen Malkmus da Scott Kannberg. Ranar 17 ga Janairun 1989 suka shiga wani ɗan situdiyo mai suna Louder Than You Think, wanda wani makaɗin ganga, Gary Young, ya buɗe a gidansa. Cikin kimanin awa huɗu suka ɗauki waƙoƙi biyar. Kuɗin aikin, dala 800, rance ne daga mahaifin Kannberg. Shi kuwa Young, wanda ya girme su da fiye da shekara goma, da ya ga yaran ba su zo da makaɗin ganga ba, sai ya zauna ya kaɗa musu a wasu waƙoƙin. Ta haka ya zama na ukunsu.

Suka buga kwafi 1,000 a ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, suka sa masa suna Slay Tracks 1933–1969. Da yake babu kamfanin da ya san da zamansu, sai Kannberg ya ƙirƙiro nasa, Treble Kicker. Ko sunayensu na gaskiya ba su rubuta a jiki ba, ɗaya ya kira kansa S.M., ɗayan kuma Spiral Stairs. Ana gama ɗauka Malkmus ya yi tafiyarsa yawon buɗe ido ƙasashen waje, ya bar abokinsa da ɗawainiyar bugawa da aikawa shaguna da mujallu.

In mai karatu ya saurari faifan yau, abin da zai fara dukan kunnensa shi ne shuu da ƙara, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Wani ɓangaren rashin kuɗi ne ya jawo, wani kuma da gangan suka zuba shi. Amma a ƙarƙashin wannan ƙura akwai waƙa ta gaske, musamman wadda ake kira Box Elder. Wata ƙungiya daga garin Leeds na Ingila, The Wedding Present, ta ji ta, ta sake rera ta a 1990, shahararren mai gabatar da shirin kiɗa na BBC, John Peel, ya riƙa sa ta a rediyo. Ka ga kaya sun haye teku tun masu su ba su yi suna a garinsu ba.

Dillalin da ya fara yarda

A birnin Shikago akwai wani saurayi, Dan Koretzky, da ke aiki a harkar sayar da fayafayai. Da Slay Tracks ya zo hannunsa sai ya yi odar kwafi 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da aka buga. Duk ɗan kasuwa ya san nauyin wannan. Mutumin da ya kwashi kashi ɗaya cikin biyar na kayan wanda babu mai saninsa, ya jefa kansa cikin hasararka da ribarka ke nan.

Koretzky da abokinsa Dan Osborn suka kafa ɗan kamfaninsu, Drag City. Faifai na biyu da kamfanin ya fitar a tarihinsa na Pavement ne, Demolition Plot J-7, mai waƙoƙi shida, a 1990. A 1991 suka biyo da Perfect Sound Forever, mai waƙoƙi bakwai a faifai mai inci 10. Sunan nan ma shaguɓe ne, domin kirari ne da aka riƙa yi wa faifan CD a tallace-tallace lokacin da ya shigo, cewa sautinsa garau ne har abada, su kuwa ga nasu sautin duk tsatsa. A wannan shekarar dai aka fitar da Summer Babe mai waƙoƙi uku.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Babban faifansu na farko, Slanted and Enchanted, wanda shi ma a gidan Young aka ɗauka, ya yi ta yawo a kaset tsakanin 'yan jarida tun kafin ya fito. Ya fito a Afrilun 1992 ta hannun Matador na birnin Niyok, kamfanin da ya fi Drag City ƙarfi. A ƙuri'ar masu sharhin waƙa da jaridar Village Voice ta shirya ta wannan shekara, shi ya zo na biyu.

Yadda aka tattaro

To a nan matsalar ta taso. Dubban mutane sun ji sabon faifai suna neman na baya, na bayan kuwa kaɗan aka buga, kuma na garmaho ne a lokacin da jama'a suka koma CD. Sai Drag City ya haɗa su duka: biyar na Slay Tracks, shida na Demolition Plot J-7, bakwai na Perfect Sound Forever, uku na Summer Babe. An sami 21 ke nan. Aka ƙara da wasu biyu, My First Mine da My Radio, waɗanda a da sai wanda ya sayi wasu ƙananan mujallu biyu, Ablaze! da Chemical Imbalance, ya same su a faifan da aka haɗo da mujallar. Jimla waƙoƙi 23, duka ba su cika awa ɗaya ba. A Birtaniya kamfanin Big Cat ne ya fitar da shi.

Abu biyu suka burge ni a nan. Na farko, tarin ya fito ne daga hannun ɗan ƙaramin kamfanin da ya fara yarda da su, duk da cewa sun riga sun koma inda ya fi maiƙo. Na biyu, ba a share ƙurar ba. Shuu ɗin yana nan, ƙananan gutsattsarin da wasu ba su kai minti biyu ba suna nan, har da waɗanda ni kaina ba na iya ji sau biyu a jere.

Ni karatuna a sakandare ya tsaya, amma na san irin wannan a gidanmu. Mahaifina yana da wani tsohon littafin lissafi na shekarunsa na farko a sarin goro a Shagamu, da ajami ya rubuta shi. A ciki akwai huhun da ya lalace a hanya, da bashin da ba a biya ba, da sunan maigidan da ya fara ba shi kaya a kan amana. Ba littafi ne mai kyan gani ba, amma in kana so ka san yadda aka yi rumfa ta zama shago, nan za ka duba. Westing shi ne wannan littafi a wurin Pavement. A shekarar da ya fito ma Gary Young ya rabu da ƙungiyar, Steve West ya maye gurbinsa, don haka faifan ya zama kamar rufe babin farko. Young ya rasu a 2023.

Ɗan hakin da ka raina

Pavement sun ci gaba har suka fitar da manyan fayafayai biyar, suka watse a 1999 bayan wasan ƙarshe a Landan, sannan suka sake haɗuwa don zagayen wasanni a 2010 da 2022. Matador ma ya ɗauki al'adar tono: a 2002 ya sake fitar da Slanted and Enchanted da ƙarin tsofaffin waƙoƙi har jimla ta kai 48.

Ga inda adana ya yi rana. Akwai wata waƙa, Harness Your Hopes, da suka ɗauka lokacin aikin faifansu na 1997 amma suka cire ta. Sai a 1999 ta fito a matsayin gyara a wani ƙaramin faifai, aka sake saka ta a tarin 2008. Shekaru bayan haka ta fara tashi a Spotify, zuwa 2020 ta zarce duk sauran waƙoƙinsu a can, matasa kuma suka kama rawa da ita a TikTok. Ni ma ta nan na fara jin sunansu, sannan na bi sawu baya-baya har na isa 1989. Da an jefar da ita tun farko, da shi ke nan.

Inda zancen ya iso gida

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ya tsaya a kan Turawa. Matador ɗin nan shi ne ya fitar da faifan Afrique Victime na Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita daga Nijar, a 2021. Shi kuwa Mdou a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da muka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, shi ya bi yana kwafar irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya fitar da tarin Music from Saharan Cellphones a 2011 da waƙar Mdou a ciki, sannan kamfaninsa Sahel Sounds ya buga Anar a 2014. Abin da aka ɗauka a Sakkwato, daga Amurka aka zo aka adana shi.

Ban faɗi wannan don ƙorafi ba, mutumin ya yi aikin da ya ga babu mai yi. Tambayata gare mu ce. Kaset-kaset na bukukuwa da wasannin sallah da aka ɗauka a Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba, da waƙoƙin da ƙannenmu ke ɗauka yau a ɗan situdiyon bayan kasuwa, wa ke ajiye su? Kaset yana cin kansa, waya tana faɗawa ruwa, mai shagon turi yana share kwamfutarsa in ta cika. Wanda duk ke da irin wannan a akwati, ya kai a juye masa, ya rubuta shekara da sunan mai waƙa da wurin da aka ɗauka, ya ba wani ɗan uwa kwafi. Kada a tsaya zaɓen mai kyau kawai, domin ba mu san wacce za a nema ba nan da shekara ashirin.

Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai in an bar abin da za a waiwaya a gani.