Akwatin Kare Na'urar Haɗa Sauti: Tarihinsa da Zuwansa Kudancin Birnin Kaduna

Akwati ne na katakon da aka manne falle-falle, mai gefuna na alminiyam da kusurwoyin ƙarfe, wanda ake shimfiɗe cikinsa da soso domin na'urar haɗa sauti ta tsira daga jijjiga da ƙura da laima yayin tafiya.

An yi saɓani game da asalinsa, wasu suna jingina shi ga kamfanonin jiragen sama, wasu ga mawaƙan Turai da Amurka; amma abin da hujja ta rinjayar shi ne kowane ɓangare yana da rabonsa, bisa tartibi. Kamfanin Anvil, wanda aka kafa a Kalifoniya cikin 1952, yana cikin magabatan wannan sana'a. Sa'an nan a 1960 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ake kira ATA 300, wadda ta shar'anta cewa akwati mai daraja ta ɗaya lalle ya jure tafiya ɗari, zuwa da komowa, alhali abin da ke cikinsa bai sami tasgaro ba. Mawaƙan da suka riƙa kewaya ƙasashe cikin shekarun 1970 su ne suka yaɗa shi, shi kuwa faɗin inci 19 da akwatunan amfilifaya suke bi har yau, gado ne daga kamfanin tarho na Amurka.

A Kaduna, sarrafa sauti ya yi ƙarfi tun da aka buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, inda ma'aikata suke fita da kayan ɗaukar magana zuwa fadoji da majalisun tafsiri. Kudancin kogin Kaduna kuwa, bayan da masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri cikin 1957, kamfanin Peugeot ya biyo baya a 1975, sai leburori da ma'aikata daga kowace nahiya suka cika Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, suka zo da bukukuwansu da coci-cocinsu da wa'azinsu da Maulidinsu, waɗanda dukkansu ba su gudana sai da lasifika. Daga nan sana'ar hayar kayan sauti ta kafu, kuma mai hayar da yake loda na'urarsa a bayan a-kori-kura, ƙurar hunturu tana shiga maɓallanta, ruwan damina yana barazana gare ta, ya fi kowa sanin cewa akwatin da ya yi tsada ya fi sauƙi a kan gyaran da zai ci jari.

Sabili da tsadar na waje, da yawa sukan kai awon na'urarsu ga kafinta ko maƙeran kasuwar Panteka, a tsallaken kogi, a ƙera musu daidai jiki, a sa marfi mai cirewa da maƙullai da tayoyi huɗu. Waɗannan masu sana'a sun cancanci a ambace su cikin tarihin akwatin tare da Anvil, domin da hannunsu ne ya zama abin da talakan mai haya zai iya mallaka.