Daga kaba zuwa zaren roba: shimfiɗar ɗakin Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa kuma mulkinsa ya kai har 1884, shimfiɗa kan faɗi matsayin mutum tun bai buɗe baki ba. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Ghat da Agadas a unguwar Zango yake sauke kaya, ya kwashi jemammun fatu da gashin jimina da bayi ya koma arewa. Cikin abin da yake kawowa, ban da alharini da takarda da alkyabba, akwai dardumar ulu, ita kuwa ba ta cika wuce fada da gidajen manyan fatake ba, irin su Malam Yaro. Sauran jama'a ƙasar ɗakin suke gyarawa. Mata su taru su yi daɓe, su shafe shi da makuba har ya yi sulɓi, a zaure da masallaci a zuba yashi mai laushi, sannan a ɗora tabarmar kaba. Malami kuma yana da buzunsa.

Duk waɗannan shimfiɗu sun san garin da suke ciki. Zinder a kan duwatsu take zaune, ruwa bai taɓa wadatarta ba, har ƙarancinsa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Tabarma ba ta neman guga. A naɗe ta, a fita da ita, a kakkaɓe, a jingine ta a rana. Buzu ma haka. Ulu kuwa, in an taka shi ya kwanta, yakan sake miƙewa, in garwashi ya faɗa masa sai ya babbake wurin kaɗan ya mutu. Ranar da tabarma ta ƙare, ko dai ta shiga murhu ko ta koma ƙasa, a saƙa wata. Kaba ba ta yanke ba, tun da har kwari guda ke amsa sunanta a yamma da mu, Gulbin Kaba.

Faransawa sun ci garin a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya yi ta raguwa, kaya suka koma shigowa ta kudu. Siminti ya kori daɓe, ledar ɗaki ta hau kan siminti. Amma babban sauyin daga ɗakunan binciken Turai da Amurka ya taso. A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya haɗa nailan, a 1941 aka samo foliyesta a Ingila, a 1954 Giulio Natta na Italiya ya fito da folifirofilin, aka fara sarrafa shi don kasuwa a 1957. Dukansu daga man fetur ake tatso su, kuma na ƙarshen ya fi sauran araha.

Folifirofilin ne ya fara shigo mana a siffar tabarmar roba, kuma a yi mata adalci, ta dace da mu: ba ta da nauyi, ana naɗe ta, ana kakkaɓe ta, ga faɗin da ke ɗaukar taron suna ko zaman makoki. Matsalar ta soma ne da kafet. Alhazai suka riƙa dawowa da dardumomi cikin tsaraba, 'yan kasuwa suka riƙa jigilar naɗi-naɗi daga masaƙun Gaziantep ta Turkiyya da na Sin, ta Kwatano ko ta Kano, har zuwa Kasuwar Dole. Abin da a da sai fada ya shiga jerin kayan ɗakin amarya. Ban ga laifin uwar da ke son ɗakin 'yarta ya yi kyau ba. Abin da ke damuna shi ne, ana ce mata wannan kafet ba ya mutuwa, ba a gaya mata yana saurin tsufa ba.

Folifirofilin yana da halinsa na kirki. Launinsa tun a narke ake zuba shi, don haka ba ya zuba. Ba ya shan ruwa, zoɓo ko shayi in ya malale a kansa tsumma ya wadatar, asu kuma ba ya cinsa. Amma zaren da ya ƙi ruwa mai yake so. Ɗigon man gyaɗa daga ƙosai, maiƙon miya, man da aka shafa a ƙafa da hunturu, duk sai ya riƙe su, su kuma su riƙe ƙura. In ya kwanta ba ya tashi, shi ya sa cikin 'yan watanni za ka ga hanya ta fito sarai daga bakin ƙofa zuwa gaban gado. Ga shi da zafi ya kai wajen digiri 160 yake narkewa. Duba gefen da amarya ke ajiye kaskon turaren wuta: ƙananan ramuka baƙaƙe masu tauri a baki, kowanne shaidar garwashi ɗaya, ba kuma mai iya cike su. Ko shanya shi a rana, dabarar da muka gada, illa take masa, domin hasken rana yana cin zaren har ya riƙa marmashewa.

Sai ƙura. Iskar hunturu na ɗebo ta tun daga kwarin Bodele a Cadi, ta shigo ta kowace kafa, ta nutse har gindin zaren, inda tsintsiya ba ta kai. Tare da yashin da ƙafa ke shigowa da shi, duk takun da aka yi sai ƙwayoyin su goge jikin zaren, ya dushe kamar gilashin fitilar motar da ta daɗe a hanyar Agadas. Matar gida ta ɗauka dauɗa ce, ta jiƙa garin sabulu ta dirza da buroshi. Dushewar ba ta fita, don ba dauɗa ba ce, sabulun kuma ba ya fita sai da ruwa mai yawa. A garin da ake jawo ruwa daga Gogo-Machaya da Arunguza, inda famfo kan ɗauke da bazara a koma sayen jarka wurin 'yan garuwa, wa zai zubar da jarka biyar a ɗaurayar kafet? Ragowar sabulun sai ya zama danƙo, ya fi da kama ƙura. Wanda aka manne da siminti kuma, in ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, gam ya saki, ɗaki ya ɗauki wari. Mai hali yakan kai nasa wurin wankin mota, injin feshi ya fitar da laka ja, amma hanyar nan ta bakin ƙofa tana nan.

Masana'antu sun san da wannan, sun kuma yi ta gyara. A 1986 DuPont ta fito da Stainmaster, nailan da aka yi wa maganin tabo. A 2005 kamfanin Mohawk ya kawo SmartStrand, zaren da wani kasonsa daga sukarin masara yake, a 2009 hukumar ciniki ta Amurka ta ba irinsa suna na kansa, triexta. Ana kuma narka robobin ruwan sha a mai da su foliyesta. Sai dai gasar ta karkata ga laushi, laushi kuwa sai da siririn zare mai cunkoso. A Amurkar ma masu saye sun koka cewa injin zuƙe ƙura yana maƙalewa a irin wannan kafet, har kamfanoni suka koma faɗin irin injin da za a saya. To, ina ga gidan da tsintsiyar kaba ce kawai, wuta kuma sai ta ga dama? Mai dogon gashin nan da hannu ke nutsewa a ciki, wanda ya fi ɗaukar ido a shago, shi ya fi kowanne haɗiye ƙura, shi ya fi saurin dunƙulewa. Araha ba ta ado, wannan kuma ko arahar ba shi da ita.

Shi ya sa a sababbin gine-gine ake ƙara ganin tayil, da 'yar darduma mai gajeren zare a tsakiya wadda yaro ɗaya zai iya fita da ita ya kakkaɓe. Tsofaffin kafet ɗin kuwa suna nan ba su je ko'ina ba. Wasu an rufa akurkin kaji da su, wasu suna bola, da damina su toshe magudanar ruwa, in an cinna musu wuta baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Dokar da Nijar ta kafa a 2014 ta hana ledar zuba kaya ce, ba ta taɓo shimfiɗa ba.