2.3 Tarihin Shigar Shekarar Ikkilisiya Cikin Gidajen Kiristocin Jamus

A wannan sashe za a duba yadda kalandar ibada ta Ikkilisiya ta fito daga majami'a ta shiga gida, har ta zama hanyar tarbiyyar yara a ƙasar Jamus. Shekarar Ikkilisiya tana farawa ne da lokacin jiran zuwan Almasihu, wato Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Daga nan sai Kirsimeti, sai azumin kwana arba'in, sai Ista, sannan Fentikos. Tushen wannan tsari tsoho ne, domin tun a taron Nikiya na shekarar 325 aka tattauna batun ranar Ista, kuma akwai shaidar cewa ana bikin Kirsimeti ran 25 ga Disamba a birnin Rum tun shekarar 336.

Sai dai kuma an daɗe ana gudanar da ibadar majami'a da Latinanci, harshen da talakawa ba sa ji. Da Martin Luther ya zagaya majami'un yankin Saksoni a 1528, ya tarar da jahilcin addini ya yi yawa, har a tsakanin wasu limamai. Wannan ne ya sa ya wallafa Ƙaramin Katakizim a 1529 cikin Jamusanci. Littafin ya ƙunshi Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji, da bayanin baftisma da Jibin Ubangiji, da addu'o'in safe da dare da na cin abinci. Abin lura shi ne, maigida aka ɗora wa nauyin koyar da iyalinsa. Ke nan gida ya zama makarantar addini ta farko.

Katakizim ya samar da abin da za a koyar, amma yaro ƙarami ya fi gane abin da idonsa ya gani. A 1839 Johann Hinrich Wichern, wanda ya kafa gidan renon yara marasa galihu kusa da Hambag a 1833, ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki: manya farare huɗu domin ranakun Lahadi, ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kowace rana ana kunna ɗaya, yara suna ƙirga kwanakin da suka rage. Da al'adar ta shiga gidaje, sai aka rage kyandirorin zuwa huɗu, kuma a shekarun 1920 Katolika ma suka karɓe ta. A farkon ƙarni na 20 Gerhard Lang ya fara buga kalandar kwali ta yara domin wannan lokaci.

Muhimmancin waɗannan abubuwa ya fito fili a zamanin mulkin Hitila, lokacin da jam'iyyarsa ta buga tata kalandar, wadda aka cire wa labarin haihuwar Almasihu aka cusa aƙidar Nazi. Bayan yaƙi, Richard Sellmer ya sake buga kalandar yara a Situtgat a 1946.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa iyaye, da Ikkilisiya, da hukuma duk sun gane cewa mai tsara wa yaro kwanakinsa a gida yana da hannu a cikin abin da zai gaskata. Sashe na gaba zai duba azumi da Ista.