Ƴan Mena ƙanana: daga kunyar Aljeriya zuwa Indiya

Ya kai mai karatu, ka ga yaran nan masu buga ƙwallon tsumma a ƙofar gidanka? Kada ka raina su. Akwai gasar duniya ta yara irinsu, inda kowace ƙasa ke neman tura nata. An fara ta a ƙasar Sin a 1985. Maƙwabtanmu ƴan Nijeriya suka ɗauki kofin farko, da suka ci Jamus ta Yamma 2 da 0. Babbar dokar gasar ita ce shekaru. Yau sai ƴan ƙasa da shekara 17 ke shiga.

Wannan doka ta taɓa kada mu. A 2009 aka yi gasar Afirka a Aljeriya. Yaranmu, ƴan Mena ƙanana, suka yi ƙoƙari har suka samu hanyar zuwa gasar duniya. Sai aka kai ƙara. Aka bincika, aka ce ɗayansu ya wuce shekaru. Aka kori Nijar, aka ba Malawi wurinmu. Gumin yara duka ya tafi a banza saboda mutum guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A shekarar nan hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta soma awon ƙashi. Likita ya ɗauki hoton wuyan hannun yaro da na'ura. In ƙashin ya gama haɗewa, sai a ce yaro ya girma, a fid da shi.

Nijar ta faɗi, amma ta tashi. A 2015 Yamai ta karɓi gasar Afirka, Mali ta tafi da kofi. A 2016 muka haɗu da Nijeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya. Sun ci mu 1 da 0 a Abuja, muka ci su 3 da 1 a Yamai, muka fid da su. A 2017 yaranmu suka kai kusa da ƙarshe a Gabon, suka wuce gasar duniya a Indiya, karo na farko a tarihinmu. A garin Koci suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0. Salim Abdurahman ya jefa ƙwallon. Sifen da Barazil suka rinjaye su, duk da haka suka kai zagaye na biyu, inda Gana ta tsai da su.

To, mai karatu, ga naka aikin. Yaro da yawa a karkara ba shi da takardar haihuwa. In an tambayi shekarunsa, sai a ce: "Shekarar fara aka haife shi." Wannan ba ya isa a lakwal, ba ya isa a filin wasa. In an yi maka haihuwa, je ka a rubuta jariri tun kwanakin suna. Yanzu ka iya karatu. Duba takardar da idonka, ka ga ranar daidai take, ka adana ta inda gara ba ta kai.