Daga Audugar Rimi Zuwa Soso: Tarihin Shimfiɗar Zazzagawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar Kongo a makon da ɗalibai ke dawowa daga hutu ya san abin da ake gani. Keke Napep ya tsaya, an ɗaure siririyar katifa a samansa da igiyar roba, wani saurayi yana ƙoƙarin sauke ta tare da bokiti da jakar kaya. Da yawa daga cikin lauyoyi da akantoci da manyan ma'aikatan da ke karanta wannan rubutu sun yi shekara 4 ko 5 a kan irin wannan katifa mai kaurin inci 3 ko 4. Sun kammala karatu, sun samu aiki, sun yi aure, sun koma kan mai inci 12. Amma a tambaye su shekarar katifar nawa yanzu, sai an yi dogon lissafi da shekarun ɗan fari. Mun san ranar juye man mota da lokacin sauya taya, alhali abin da muke shafe kusan sulusin rayuwarmu a kansa ba mu sa masa wa'adi ba.

Kakanninmu ba su sha wannan wahala ba, domin shimfiɗarsu da kanta take sanar da su idan ta ƙare. Yadda muka rabu da wannan sanarwa shi ne labarin da ke tafe.

Shimfiɗar da ake sabuntawa

Kafin zuwan Turawa, abin kwanciyar talaka a ƙasar Zazzau daga gona da fadama yake fitowa: tabarmar kaba, gadon kara da ake haɗawa da karan dawa, gadon tukurwa, da buzu ga malamai da matafiya. Kowannensu yana da ajalin da ido ke gani. Tabarma ta zare, kara ya rududduge, gara ta ci tukurwa. Idan kaka ta yi, sabon kara ya samu, sai a yi sabon gado a tura tsohon murhu. Ba a ɗauki shimfiɗa dukiyar da za a bar wa magada ba, shi ya sa ma aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wannan dabara ta girmi tarihin kowace masarauta. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu, masu binciken kufai ƙarƙashin jagorancin Lyn Wadley sun gano shimfiɗar ciyawa mai kimanin shekara 77,000, an lulluɓe ta da ganyen wata bishiya mai korar ƙwari. Sun kuma ga alamun cewa mazauna kogon na baya sun riƙa ƙone tsohuwar shimfiɗa su yi sabuwa. Tun can ɗan Adam ya gane cewa makwanci abu ne da ake sauyawa.

Katifa kuwa kayan masu hali ce, kuma sunanta ma baƙo ne. Daga Larabci muka aro shi, inda ƙaɗifa take nufin mayafi mai laushi. Amma abin cusa mata na gida ne, kuma Zariya tana da arzikinsa. Rimi shi ne alamar birnin, har unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka samu sunansu daga gare shi. Idan rani ya yi, 'ya'yan rimi suka fashe, sai a tattara audugarsu a cusa a katifa da matasan kai. Audugar rimi ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, shi ya sa ƙasashen Turai suka daɗe suna yin rigunan ceto na jiragen ruwa da ita. Aibinta shi ne dunƙulewa, ga saurin kama wuta. Sai dai dunƙulewar tana da magani: a farke ɗinki, a zazzage audugar a rana, a buge ta, a ƙara sabuwa, a mayar a ɗinke. Katifa ɗaya takan rayu sau da yawa a hannun maɗinki.

Gadon ƙasa da likitocin Zariya

Akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa da laka a bar rami a ƙarƙashinsa don hura wuta. A sanyin hunturu rahama ne ga tsofaffi. Ga mai jego kuwa ya zama al'ada, tare da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da shan kunun kanwa, har kwana 40 ko fiye.

Wannan gado ya shiga littattafan likitanci na duniya ta hanyar Zariya. A 1978, Neil Davidson da Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincike a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da lokacin haihuwa, adadin da ya ba likitocin duniya mamaki. Bayaninsu shi ne gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin gado da na wanka kuma suna ƙara wa zuciya aiki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya faɗaɗa maganar, ya nuna hannun talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, don haka ba a ɗora wa al'ada laifin duka. Duk da haka darasin bai gushe ba: abin da mutum ke kwana a kansa batu ne na lafiya, ko da ya gaje shi daga mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa.

Ƙarfe, sannan soso

Gadon ƙarfe ya shigo ne ta ƙofar hukuma: barikin horar da soja da aka kafa a Zariya a 1924, gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, asibitoci, da makarantun kwana. Kongo na cikinsu. An buɗe ta a 1947 a matsayin cibiyar horar da akawuna, ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikacin En'e da ya zo kwas daga Katsina ko Bauchi ya yi watanni yana kwana a gadon ƙarfe, ya koma gida da sabon ma'aunin ci gaba. Ba a daɗe ba gado mai rumfa ya zama abin da ake fara dubawa a ɗakin amarya.

'Yan kasuwa sun bi sawu. A 1959 iyalin Moukarim suka buɗe masana'antar kayan ɗaki da gadajen ƙarfe a Kano, wadda daga cikinta kamfanin Mouka ya fito a Legas a 1972. Vitafoam kuwa an kafa shi a 1962. Abin da suka kawo, wato soso, asalinsa sinadarin foliyuretan ne da Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937, aka fara yin katifu da shi a shekarun 1950. Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, soso ya kori audugar rimi daga gidajen ma'aikata, daga baya har daga ƙauyuka.

A nan lissafi ya rikice. Soso bai shigo gidajenmu a matsayin magajin tabarma ba. Cikin kayan ɗaki ya shigo, tare da kwanukan jere da kabad, wato cikin dukiyar da uba ke yi wa 'yarsa don ta daɗe. Sauya katifar aure yakan yi kama da raina ƙoƙarin iyaye. Ga shi kuma soso a ɓoye yake mutuwa. Ƙananan ramukan iskar da ke cikinsa suna karyewa a hankali saboda nauyi da zafi da gumi, rigar waje tana nan fes, ciki ya daina ɗaukar jiki. Ba a farke shi a ƙara masa sabo kamar audugar rimi. Mun riƙe ɗabi'ar adana kayan gado, mun saki ɗabi'ar sabunta makwanci.

Ni kaina na yi shekara biyu a wani ɗakin haya a Tudun Wada ina zargin kujerar ofis da ciwon ƙugu. Sai da aiki ya kai ni wani gari na kwana uku a masauki, na ga ina tashi garau, sannan na dawo na yaye zanen gado na ga ramin da jikina ya haƙa.

Abin da ya maye gurbin ido

Tunda soso ba ya magana, sai a tambaye shi. Masu sana'ar sukan ce shekara 7 zuwa 10, amma wannan ƙiyasin kasuwa ne, ba hukuncin likita ba, kuma soso mai arha ba ya kaiwa nan. Alamomin da suka fi shekaru gaskiya su ne waɗannan. A yaye zane a gitta miƙaƙƙiyar sanda a kan katifar: kamfanoni da dama a ƙasashen waje suna ɗaukar ramin inci 1 zuwa 1 da rabi a matsayin lalacewa. A lura ko ana tashi da ciwon baya wanda ke sakin mutum bayan ya ɗan motsa, ko ana jin katakon gado ta cikin soson, ko barci ya fi daɗi a wani wuri. Warin danshin da rana ta kasa cirewa da garin soso da ke zuba su ma shaida ne. Kafin a yanke hukunci a duba katakon ƙasa, domin wani lokaci shi ne ya lotsa.

Wajen sayen sabuwa, kauri yana yaudara. Abin tambaya shi ne nauyin soson idan an gwada shi da girmansa, domin katifa mai inci 8 mai nauyi ta fi mai inci 14 da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Tauri ma ba shi ne lafiya ba, duk da farin jinin katifar otofedik. A wani gwaji da aka yi a Sifen, wanda mujallar Lancet ta buga a 2003, an raba wa mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya katifu, kuma waɗanda suka samu mai matsakaicin tauri sun fi masu mai tauri sosai samun sauƙi. Kada a ji kunyar kwanciya a kanta a shago na wasu mintuna. Idan an kai gida a cire ledar, domin tana riƙe zafi da gumi, sannan a riƙa juya kai zuwa ƙafa duk bayan 'yan watanni.

Sai maganar tsohuwar. A gidajenmu katifa ba ta mutuwa, gangarawa take yi: daga ɗakin maigida zuwa na yara, daga nan zuwa na mai aiki ko maigadi. Abin da ya kasa ɗaukar bayan maigida ba zai gyara na wani ba, jariri kuwa shimfiɗa mai tauri wadda ba ta lotsa ba yake buƙata. Kada kuma a kwaikwayi mutanen Sibudu a cinna mata wuta, domin hayaƙin soso yana ɗauke da guba mai kisa. Masu gyaran kujeru suna sayen tsohon soso. Idan kuɗin cizo ne matsalar, sai an magance ɗakin da gadon tukuna, in ba haka ba za su tare a sabuwar cikin 'yan makonni.

Katifa ba ita kaɗai ke hana barci ba. Likitocin barci sun ce baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma rashin samunsu a kai a kai yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da haɗarin mota. Zafi, sauro, ƙarar janareta, shayi ko goron dare, da wayar da ake dannawa har ƙarfe ɗaya duk suna da nasu kaso. Mai munsharin da numfashinsa ke tsayawa cikin barci likita zai gani, ba dillalin katifa ba. Amma cikin jerin nan, katifa ce ake iya aunawa yau da sanda ɗaya.

Kakarka ta san ranar da za ta kira maɗinki, domin audugar ta nuna mata. Kai da ba ka da wannan gata, ranar da ka sayi sabuwa ka ɗauki biro ka rubuta wata da shekara a jikin lambar da ke gefenta.